Fuskar Haidar a Jikin Bango

Da sunan Allah nake farawa, don shi ya kai ni kuma shi ya dawo da ni, ba wayona ba. Sunana Malam Modu mai hula. A unguwar Jakara cikin birnin Kano aka haife ni, a nan nake har gobe in da rai. Bokona aji huɗu ne na elementare, daga nan mahaifina ya ce allura ta fi fensir albarka, ya cire ni. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara maƙabarta, can mai laifin yake kwance.

Shekara hamsin da ɗoriya na yi ina ɗinkin hula da hannu, har ido ya ce ya gaji. Da farko zaren ne ya daina shiga allura. Daga baya fuskokin mutane suka fara narkewa. In mutum bai matso kusa da hancina kamar taki ɗaya ba, ba na bambanta liman da mai rake sai ya yi magana.

Ɗana Bashir yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a arewacin Ingila. Shi ya matsa in zo likitocin can su duba ni. Na ce to. Amma tunda rubutu nake ba hira a dakali ba, bari in faɗi gaskiya: ba don likita na yarda ba. Ina da jika a can, Haidar, ɗan shekara shida, da ƙanwarsa Nana 'yar uku. A can aka haife su, ban taɓa ganinsu ba sai a waya, waya kuwa a wurina kamar leƙa ƙosai ne a ƙasan kwanon koko. Kakarsu, matata Hajiya Yagana, ta rasu shekara biyu kafin tafiyata ba ta ɗauke su ba. Na ce ni dai in idon zai tafi, ya tafi da fuskar yaron nan a ciki.

Zangona na farko filin jirgi ne a wata ƙasar Larabawa, inda aka sauke mu mu canza jirgi. Wuri ne da ya fi kasuwar Kurmi girma, sai dai babu mai ce maka sannu. Ina zaune da sandata da ledata, sai na ji Hausa a kaina, tangararan.

"Baba, barka da hutawa. Daga Kano?"

Wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Ya ce shi ɗan Ƙofar Mazugal ne, kuma jirginmu ɗaya. Don in gwada shi na ce, "Ashe ɗan gida ne. Yaya limaminku na masallacin bakin titi?"

Ya ce, "Yana nan garau, Baba. Jiya ma shi ya ja mu magariba."

Limamin nan da hannuna na zuba masa ƙasa shekara goma da suka wuce. Na ji maganar, na kuma ajiye ta a gefe, na ce ƙila sabon yake nufi. Mutum in ya yi awa bakwai bai ji harshensu ba, ko ɓarawo ya yi masa sallama sai ya amsa da fara'a. Da lokacin salla ya yi, ya raka ni har ƙofar wurin alwala, ya ce in kawo rigar sanyin da ledar ya riƙe mini kada su jiƙe. Rigar sanyin nan Bashir ne ya aiko da ita takanas, mai kauri kamar katifa. Ledar kuma turaren wuta ne da dabino da kuka na surukata. Na fito ina ɗigar ruwa, na yi ta kiran "ɗan Ƙofar Mazugal" a tsakiyar Larabawa. Har yau bai amsa ba. Ina roƙa masa Allah ya kai shi ƙasa mai zafi, rigar ta zame masa kaya.

Abin da ya fi asarar ciwo shi ne ban san ƙofar jirgina ba, ga allunan duk sun zama haske kawai a idona. Wata mata mai shara, baƙa kamar mu amma ba Hausa ba Turanci, ita ta gan ni ina juyi wuri ɗaya. Ta karɓi takardata ta duba, ta jingine tsintsiyarta, ta kama ƙarshen sandata. Tafiya muka yi mai nisa, tana gaba ina baya, har ta damƙa ni a hannun ma'aikatan jirgi. Ta sa mini robar ruwa a aljihu. Ban ga fuskarta ba, ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da sunan mai tsintsiya, na san Allah zai gane wadda nake nufi.

Zango na biyu gidan Bashir. Na sauka Ingila da babbar riga da 'yar shara, sanyi ya karɓe ni tun daga matakalar jirgi kamar na taɓa zagin ubansa. Gidan kuwa ɗan mitsitsi ne, an ɗora ɗaki kan ɗaki, babu zaure babu tsakar gida. Surukata Zainab, 'yar unguwar Zaitawa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Nana ta zo ta kama sandata ta gudu da ita, wannan ba ta da matsala. Sai aka ce, "Haidar, zo ka gaida Kaka."

Wani ɗan inuwa ya tsaya can bakin ƙofa, hannuwa a baya kamar ɗan sanda. Ya ce, "Sannu da zuwa, Kaka," da wata Hausa mai santsi, wadda aka wanke da sabulu.

Na zaro hular da na ɗinka masa. Ita ce hula ta ƙarshe da na yi a duniya, wata huɗu ina lalube, kuma Allah ya sa a aljihun rigata take, ɓarawo bai same ta ba. Awon na yi shi ne da ƙiyasi. Uban ya karɓa ya ɗora masa, hula ta zauna a tsakar ka kamar murfin buta, ta ƙi shiga.

Daɗi ya kama ni. Na ce ga ƙofa Allah ya buɗe. Na ce, "Kai! Wannan kai ne ko tulu? Wa ya ba ka izinin ɗaukar kan mutum uku?"

Yaro ya juya ya dubi ubansa.

To, ga wanda ya tashi a bariki bai sani ba, bari in yi bayani. Mu a cikin gari kaka ba ya yabon jika. Tsokana ce tsakaninsu. Kakana, Ba Goni, ko sau ɗaya bai taɓa kirana da sunana ba, sai mai kunnen faifai. In na shigo zaure ya ce a ɓoye tuwo ga fari sun sauka. Ni kuma in ce masa tsoho mai gemun bunsuru. Sai ya ce, "Zo nan ka maimaita in kai namiji ne." In ruga in haye cinyarsa in kama gemun in ja, shi yana ihun ƙarya a zo a cece shi, hannunsa kuwa yana lalubo mini alawa a aljihu. Har yau na san yawan farin gashin da ke girarsa, don a nan na girma, hancina a jikin hancinsa. Ubanka shi ke da kunya da tsawa. Kakanka abokin faɗanka ne. Wanda ya fi zagi shi ya fi so, kuma kowa ya sani.

Lissafina ke nan. In tsokani Haidar, ya fusata, ya zo ya ja gemuna, ni kuma in ga fuskarsa. Ban yi tunanin wata hanya ba, don ban san akwai wata ba.

Sati uku ina aiki. In ya zauna cin abinci in ce, "Zainab, ki rage masa, zai cinye mana gida." Sai in ji ƙarar cokali an ajiye a hankali. In ya dawo makaranta in ce, "Ga malamin jakai ya dawo." Sai in ji sawu a matakala, ƙofa ta rufe. Kullum tsakanina da shi taku uku, bai taɓa ragewa ba. Ya zama ɗan inuwa mai ladabi, yana gaishe ni safe da yamma daga nesa.

Wata rana Zainab tana zuba mini shayi ta ce, "Baba, Haidar fa yana da sa magana a rai."

Na ce, "Ai shi ya sa na zo. Kun mayar da yaro kamar ma'aikacin banki."

Ta yi 'yar dariya ta ci gaba da zuba shayin. Bashir kuwa ko tari bai yi ba. Na ba shi tarbiyyar da ba zai iya ce wa ubansa ya yi kuskure ba, kuma ta kama shi da kyau.

Kwanakin nan ban so su ba. Su fita tun da duhu, in zauna gaban taga. Babu kiran salla sai waya ta yi ƙara a kan tebur. Babu mai tallan koko, babu ƙarar maƙera, babu akuyar maƙwabci da za ka kora ka ji ka yi wani aiki. Maƙwabcin Bashir shekara biyar suna katanga ɗaya, sunan karensa kawai aka sani. Rana takan leƙo wajen azahar, ta ga babu abin kirki, ta koma.

Zango na uku asibiti. Likitar wata mace ce mai sanyin hannu. Ta sa haɓata a kan wani ƙarfe, ta hura mini iska a ido, ta haska, ta sake haskawa. Sannan ta yi magana mai tsawo da Bashir. Ni Turancina in an yi shi da gudu ba na kamo shi, amma na iya jin shiru. Da ta gama, Bashir ya daɗe bai fassara ba.

Na ce, "Faɗi mana. Ko ta ce tana sona ne kake kishi?"

Ya ce, "Baba, ta ce jijiyar idon ta riga ta lalace. Ba a yin aiki a kanta. Za a ba ka magani na ɗigawa ya riƙe ɗan abin da ya rage, amma a hankali shi ma zai tafi."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Dama na gaji da ganin fuskokin 'yan siyasa."

A bas muna komawa na ji numfashinsa ya canza, ya juya kai wajen taga. Na ƙyale shi. Ni kaina wani lissafi nake. Saura kwana shida in koma gida, kuma wannan zuwan ba shi da na biyu. Na zauna na binciki aikina kamar yadda nake bin ɗinki in ya karkace, in gano inda allura ta kauce. Sai na gano, a ganina. Na ce yaron nan Hausar ce ba ta ishe shi ba. Yana jin sautin, ba ya jin daɗin. Wa zai rama tsokanar da bai fahimta ba? Ashe laifina ne da ban kai masa ita da harshensu ba.

Sai na tono Turancin aji huɗu, wanda ya yi shekara sittin a ƙasan akwati. Ban tambayi kowa ba, don ina so abin ya zo musu ba zato. In na shiga wanka in yi ta maimaitawa a hankali, ruwa yana zuba. Kalma huɗu na haɗa, na goge su har suka yi ƙyalli.

Zango na huɗu shi ne dalilin rubutun nan. Ranar Asabar, saura kwana biyu in taso, Bashir ya ce za mu fita gaba ɗaya, za a kai yara gidan kayan kimiyya. Na ce wane iri ne? Ya ce kamar gidan tarihi, amma a nan ana barin yara su taɓa komai. Na ce to ai wannan gidana ne na Jakara.

Gini ne mai hawa uku, cike da yara kamar an tashi makarantu goma. Ihu, gudu, ƙararrawa. Haidar tun a mota na ji muryarsa ta canza, yana ta zuba wa uwarsa bayani. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ashe yaron yana da baki, ni ne ba a buɗe wa.

Aka fara kai mu wurin wata ƙwallon ƙarfe, in yaro ya dafa sai gashin kansa ya miƙe tsaye. 'Ya'yan Turawa suna dafawa ana ta shewa. Nana ta dafa, kitsonta ko gezau. Ta sake dafawa da hannu biyu, shiru. Ta fashe da kuka. Na ce wa Zainab, "Ki gaya mata ta yi alfahari. Kitson Zaitawa ya fi ƙarfin lantarkin Ingila." Zainab ta yi dariya har ta dafa bango.

Daga nan sai wasu manyan faya-fayai biyu na ƙarfe, ɗaya a wannan ƙarshen zaure ɗaya a wancan. In ka yi raɗa a ɗaya, na wancan zai ji. Bashir ya tsaya yana yi mini bayani da muryar malamai. Na ce, "Wannan ne kimiyya? A lungunmu akwai Hajiya Tabawa, in ka yi raɗa a ɗakinka da hantsi, kafin azahar an ji a Ƙofar Mazugal, kuma ba ta amfani da faifai." Na ga ƙashin wata dabba da aka ce ta mutu tun kafin mutane, ko in ce na ga farin abu mai tsawo. Na shafa wani dutse da aka ce daga sama ya faɗo. Sanyi gare shi kamar kowane dutse.

A hawa na biyu ƙafata ta gaji, suka zaunar da ni a wani benci a sashen da ake nuna jikin ɗan Adam. Ɗakin da ɗan duhu. Gabana bango ne gaba ɗaya na gilashi mai haske, ya kai tsawon zaurenmu. A gefe akwai 'yar kujera da kyamara. Duk yaron da ya zauna, sai fuskarsa ta cika bangon, don ya ga gashin ido da ramukan fata. Wata yarinya ta zauna, sai ga ta. Na zabura. Na ga ɗigon baƙi-baƙi a hancinta. Na ga ƙwayar idonta. Rabona da ganin fuskar mutum haka, tun Hajiya tana da rai.

Na riƙe sandata da hannu biyu. Yara suna layi. Ban yi motsi ba, ko numfashi a hankali nake yi, kada Haidar ya tuna ina wurin.

Yaro na biyu. Na uku. Sai ga Haidar.

Jama'a, na gan shi. Goshi mai faɗi irin namu. Gira a haɗe. Wani ɗan tabo a haɓa da ba wanda ya taɓa ba ni labarinsa. Ya zaro ido, ya hura kumatu, ya fito da harshe, sauran yara suna dariya. Sannan shi ma abin ya ba shi dariya, ya saki fuska ya yi ta gaske. Da ya yi dariyar sai idonsa na hagu ya ƙanƙance ya fi na dama, ga 'yar wushirya. Yagana ce. Haka take dariya, sak, tun ranar da na fara ganinta tana tallan zogale a Zaitawa. Matar da na binne, ga ta a bangon Turawa, tsawon mutum biyu, tana dariya.

Wani abu ya taso mini daga ciki ya cika ƙirjina, dole ya fita. Mai hankali da ya yi shiru ya ci gaba da kallo. Wani da ya ce masha Allah. Ni kuwa abin da aka zuba mini tun ina yaro shi ya fito, don ban da wani mazubi. Na miƙe tsaye, na nuna bangon da sanda, na ɗaga murya yadda Ba Goni yake yi, cikin Turancin da na sha wahalar gogewa:

"Ugly boy! Big head!"

Kuma ya fita tsaf. Ko malaminmu na aji huɗu ba zai gyara ba.

Yaran layi suka kwashe da dariya, wani ya maimaita. Manyan kuwa tsit. Ni ina tsaye ina murmushi, na turo gemu gaba, ina jira.

Da a gida ne, da ba zan ga abin da ya biyo baya ba, da inuwa ce kawai za ta juya ta tafi kamar kullum. Amma na'urar nan ba ta rage komai. Na ga dariyar ta tsaya. Na ga idon hagun ya buɗe ya daidaita da na dama. Ya waiga wajen yaran da ke dariya, ya waigo wajen da muryata ta fito. Leɓensa na ƙasa ya fara rawa, ya cije shi. Ruwa ya taru a idon, na ga yadda ya taru, na ga fitilun ɗakin a cikinsa, ɗigo ɗaya ya kai girman tulun da nake zaginsa da shi. Bai yi kuka da sauti ba. Ya sauka a hankali, bango ya koma nuna bayan kujera.

A nan na gane ba Hausa ce ta yi masa kaɗan ba. Duk abin da na faɗa sati uku ya ji shi sarai. Wannan fuskar ita yake yi kullum a taku uku daga inda nake, ni ina ta murna ina cewa saura kaɗan.

Wata ma'aikaciyar wurin ta zo da sauri ta durƙusa gaban yaron tana tambayarsa, tana waigowa tana dubana. Bashir yana ta bayani da Turanci mai yawan ban haƙuri. Na ji kalmar kaka, na ji kalmar wasa. Zainab ta ɗauki Haidar, ƙaton yaro, ta fita da shi. Na koma na zauna.

Wani tsohon Bature yana gefen bencin, shi ma jikoki ya kawo. Na ɗauka tashi zai yi. Sai na ji ya sa mini hankici a hannu, na yadi, a ninke. Ban ma san ina bukata ba sai da na taɓa gemuna na ji shi a jiƙe. Muka zauna muna kallon fuskokin 'ya'yan mutane suna hawa bango suna sauka.

A mota Nana tana ta waƙa. Can Haidar ya yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Na ce, "Me ya ce?"

Bashir ya ce, "Ba komai, Baba."

Na ce, "Zainab, ke ba ni na haife ki ba. Me ya ce?"

Ta ce, "Cewa ya yi, me ya yi wa Kaka da Kaka ba ya sonsa tun ranar da ya zo."

Lahadi na yini ina neman abin da zan ce masa. Na hau matakalar nan da lalube har ƙofar ɗakinsa. Na san abin da ake so in faɗa, kalma uku ce, a fina-finai ma ana yi. Shekara saba'in da biyu ban taɓa faɗa wa wani mahaluki ita ba, har uwar 'ya'yana, kuma ta sani ba sai na faɗa ba. Na buɗe baki ta ƙi fitowa, kamar an ce in yi salla da takalmi. Abin da na iya shi ne, "Haidar, Allah ya yi maka albarka." Daga ciki aka ce, "Amin, Kaka," da ladabi. Ƙofar ba ta buɗe ba.

Na ji Zainab ta shiga daga baya, ta daɗe tana yi masa magana.

Litinin da safe akwatina yana bakin ƙofa, Bashir yana ɗumama mota. Sai Zainab ta ce, "Baba, Haidar yana da magana." Ta turo shi. Ya tsaya a wurinsa na kullum, hannuwa a baya. Ya ja numfashi kamar mai karatun hadda gaban malam, ya ce:

"Kaka. Tsoho. Mai... mai gemun..."

Uwar ta raɗa masa.

"Mai gemun bunsuru."

Na ce, "Iye? Ni? Zo nan ka maimaita in kai namiji ne!" Na durƙusa a kan gwiwoyin da ba sa durƙusuwa, na miƙa gemun.

Bai zo ba. Na ji ya ja baya taku ɗaya. Ya ce, "Yi haƙuri, Kaka. Mama ce ta ce in faɗa. Gemunka yana da kyau."

Na yi dariya da ƙarfi don kada wahalarsa ta tashi a banza. Na ce ya yi ƙoƙari, ya ci jarrabawa. Bashir ya danna hon. Zainab ta kama hannuna ta tashe ni. Yaron kirki ne, wallahi. Ya zage ni don ya faranta mini, sannan ya ba ni haƙuri don kada in ji ciwo.

Yanzu wata tara ke nan da dawowata. Idon hagu ya rufe, na dama yana haɗa kayansa. Abin da na je nema na samo shi, ba zan yi wa Allah butulci ba: na ga fuskar jikana, fiye da yadda kowane kaka a Jakara ya taɓa ganin ta nasa. Sai dai biyu na samo, kuma ba a ba ni zaɓin wadda za ta riƙa zuwa ba. Ta biyun ta fi zuwa.

Ranar da na fara fita dakali bayan la'asar, abokan zamana suka taru, Malam Sani mai turare da Alhaji Baffa da sauransu. Aka yi mini barka da sauka, aka yi jajen ido. Sai Malam Sani ya ce, "To, ka bar mu da zancen likita. Ya jikan naka? Ka gan shi?"

Na ce, "Na gan shi."

"Yaya yake?"

Na ce, "Mummuna ne. Ban taɓa ganin mummunan yaro irinsa ba."

Dakali ya ɗauki dariya. Alhaji Baffa ya buga cinyata yana cewa, "Masha Allah! Masha Allah! Allah ya raya shi. Kun ji tsoho, yaron nan ya gama da shi."

Babu wanda na yi wa bayani. Har mai rake da ke wucewa ya ce amin.